Rumfar sharji da tudun da muke hawa neman agaji

Ni mutumin Adar ne. Ƙauyenmu yana arewa maso gabas da garin Tawa, kuma mai son zuwa wurinmu sai ya bi kwaltar da ta nufi Abalak da Agadas har ya kusa Tabalak, sannan ya sauka ya kama wata hanya ta rairayi da tsakuwa wadda mai babur ke gamawa cikin abin da bai kai awa biyu ba idan rani ne, idan kuwa damina ce kuma kori ya kawo ruwa, to babu mai iya yi maka alkawarin lokacin isowa. Sana'ata sharjin salula. Ina da rumfa a bakin kasuwa, da farantan hasken rana a bisa rufinta, da baturan mota, da wani dogon katako inda wayoyin mutane ke kwana suna shan wuta. Ban shiga wannan sana'a da niyyar zama wanda ake buga wa ƙofa da tsakar dare ba, amma haka al'amarin ya zama, kuma a kansa nake son in ba da shaida.

Dole in fara da yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya. Cikin shekarun 1990 naƙuda ta kama ta a gidan mijinta, a wata tunga da ke gaba da mu. Ungozoma ta yi iyakar ƙoƙarinta yini da kwana, aka ba ta rubutu ta sha, aka yi turare, abin ya ƙi. A wancan zamani babu hanyar sanar da kowa sai ƙafa ko bayan dabba, saboda haka aka tashi wani saurayi a kan raƙumi zuwa gidan likita mafi kusa, inda suke da rediyon da suke magana da Tawa, su kuma mata suka shimfiɗa ta a amalanken shanu suka bi sawunsa. Ba ta kai ba. Ina ɗan makaranta lokacin, kuma abin da na riƙe shi ne komowar amalanken da hantsi, Inna tana biye da shi ba ta ce wa kowa uffan ba. Mijin yana bida, wato neman kuɗi, a Abijan, labarin bai iske shi ba sai bayan an yi sadakar arba'in, ta hannun wani da ya tafi da kaset ɗin saƙon gida. Daga baya, a 2005 da 2006, gwamnatin Tandja Mamadou ta mai da tiyatar haihuwa kyauta, haka ma maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar, kuma rayuka da yawa sun tsira ta dalilin haka. Sai dai tiyatar tana birni, mai naƙuda tana tunga, kuma motar da za ta haɗa su ba ta tasowa sai wani ya sanar da wani.

Da na tasa na bi sahun samarin Adar na tafi bida. A Abijan na fara riƙe salula, a can kuma na koyi buɗe ta da gyaran ƙananan matsalolinta a wurin wani ɗan ƙasarmu da ke da tebur a Ajame. A Nijar kamfanin Celtel ya fara aiki a 2001, ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Orange ya shigo a 2008, shi ne yau ake kira Zamani. Ga kuma Moov, ga Niger Telecoms ta gwamnati. Amma antena tana bin kwalta ne da garuruwa masu yawan jama'a, mu na cikin daji sai abin da ya tsallako ya iso mana. Da na komo gida da ɗan abin da na tara, na tarar kusan duk gidan da ke da ɗan bida yana da salula, sai dai babu inda za a sa mata wuta sai an aika da ita wani gari ranar kasuwa. Sai na sayo farantai a Tawa na kafa rumfa.

Wanda ya tashi cikin birni da wuya ya gane yadda muke farautar rezo, wato siginar waya. Ƙasar Adar tudu ce da kwari, ƙauyenmu kuwa yana cikin kwari, kuma tsaunin dutse ya shiga tsakaninmu da wajen da antena take. Abin da ke kai magana tsakanin salula da antena ba ya huda dutse, kuma yana raunana da nisa, shi ya sa a cikin gida ba ka ganin ko sanda ɗaya a fuskar waya. Gabas da gari akwai wani tudu, tafiyar kamar minti ashirin ga mai sauri, da wata tsohuwar aduwa a ƙwanƙolinsa. Idan ka tsaya arewa da ita ka ba gari baya, layin wani kamfani yana kamawa sosai, na wani kuma yana zuwa yana tafiya. A rumfata ma akwai wata ƙusa a jikin ginshiƙin kusurwa, sama da kan mutum, wadda idan aka rataye ƙaramar salula a kanta saƙon rubutu yakan shigo, musamman da asuba, ko da yake murya ba ta fita ta nan. Yawan riƙe wayoyin mutane ya nuna mini cewa saƙon rubutu ɗan ƙyaftawar rezo yake bukata, saboda haka yana ficewa a inda kira ya kasa. Ya nuna mini kuma cewa wayar da aka bari a kunne a inda babu rezo tana cinye batirinta da sauri, domin tana ta neman antena ba hutawa, kuma ƙaramar salula mai maɓallai ta fi babba mai shafawa jimiri nesa ba kusa ba.

A jikin rumfar na rubuta lambobin gaggawa na ƙasa da fenti: 17 ta ƴan sanda, 18 ta ƴan kwana-kwana, 15 ta agajin likita, wadda mutane da yawa suka haddace a 2020 lokacin cutar korona. Kiransu ba ya cin kiredi, wannan kuwa babban abu ne ga talakan da wayarsa ta fi zama babu ko dala a ciki. Mutane kan tambaye ni rubutun nan da salula ke nunawa wani lokaci, cewa kiran gaggawa kaɗai za a iya yi. Abin da yake nufi shi ne layinka bai samu antenar kamfaninsa ba amma wayar tana jin ta wani kamfani, kuma an ƙera wayoyin ne yadda lamba 112 za ta nemi fita ta kowace antena ta samu. Amfanin 18 na gan shi da idona a cikin Tawa, wata Lahadi ta kasuwa da mota ta buge mai babur, kafin taro ya watse jar motar ta iso. Amma motar tana tasowa ne daga inda take zaune, wato babban gari, kuma duk saurinta ba ta rage tsawon hanya. Shi ya sa a ƙarƙashin gajerun lambobin na ƙara doguwa mai alƙaluma takwas, ta majo, wato babban ma'aikacin jinya na cibiyar lafiyar da ƙauyenmu ke ƙarƙashinta.

Ranar da abin ya zo cikin gidanmu kaka ce, ana ɗaurin hatsi. Ɗan yayana, yaron da bai wuce shekara goma sha biyu ba, ya je ɗaga dami bayan la'asar, kububuwa tana kwance a ƙarƙashi, ta sare shi a saman idon sawu. Kafin a kawo shi gida a kan jaki magariba ta yi. Da na shigo na tarar an ɗaure masa ƙafa tamau da yankin rawani a ƙasan gwiwa, wanzami ya zare aska yana jiran izini, wani maƙwabci ya kawo baƙin dutsen nan da ake liƙawa a kan sara, wata tsohuwa kuma tana jiƙa sassaƙe. Yaron yana magana sarai, yana ma cewa zafin ya ragu, sai mutane suka fara cewa abin da sauƙi, a bari zuwa safiya a gani. Uban yana zaune a ƙofar gida da carbi a hannu, bai leƙa ba, domin ɗan fari ne, kunya ba za ta bar shi ya nuna damuwa ko ya ambaci sunansa ba. Da na durƙusa gabansa abin da ya ce shi ne, "Kai ne ubansa, abin da ka gani shi za a yi." Inna ce ta yanke maganar daga bakin ɗaki, ga tsufa ga rashin gani sosai, ta ce, "Auta, kada ka tsaya jin ta bakin kowa, hau tudun nan."

Na hana wanzami taɓa shi, na ɗauki salula biyu da tocila, na ja samari biyu masu gudu muka hau. Layin da muka fi dogara da shi babu ko alamarsa a daren, abin da kan faru idan wutar antena ta ɗauke. Ɗaya layin ya kama, kira ya shiga, ya katse kafin a ɗauka. Sai na rubuta saƙo gajere, sunan ƙauye, maciji, yaro, jira nake bisa tudu, na ɗaga wayar sama har na ga ya fita. Bayan ɗan lokaci majo ya kira da kansa. Ban taɓa jin gaisuwa ta yi mini tsawo ba sai ranar, shi ma kuwa ya gane haka, domin bayan sallama bai tambayi gida ba, ya ce, "Malam, wane irin maciji ne, da yaushe, a wace gaɓa?" Da ya ji kububuwa ce muryarsa ta canza. Ya ce a kwance ɗaurin nan, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ba shi jiƙo, a kwantar da shi a ɗaure ƙafar da sanda kamar ta mai karaya yadda ba za ta motsa ba, kuma kada a bar shi ya taka ko taku ɗaya. Ya ce a buɗe bakinsa a duba dasashi, a sa shi ya tofa yawu a gani. Ya bayyana mini cewa dafin wannan maciji hana jini daskarewa yake yi, saboda haka mutum yana iya yin awoyi yana hira jini kuwa yana zuba a cikinsa, kuma duk wanda aka tsaga masa wurin an buɗe masa ƙofar da ba ta rufuwa. Maganin dafin ba ya hannunsa, sai Tawa, amma zai kira direban ambilans ta layinsu na ma'aikatan lafiya.

A nan na ga wata wahala da ban taɓa tunaninta ba. Magana tana bisa tudu, majinyaci yana cikin kwari, kuma idan na sauka na rasa mai kira, idan na tsaya babu mai kai umarni. Samarin nan biyu su suka zama wayar da ta rage. Na sa na farko ya maimaita mini maganar majo har na tabbata ya riƙe ta, ya ruga, na biyu ya tsaya tare da ni har na farko ya komo yana haki da amsa: an kwance rawanin, ƙafar ta kumbura, kuma yawun da yaron ya tofa da ja a ciki.

Da direba ya kira, tambayarsa ɗaya ce, muna ina, kuma ita ta fi cin lokaci a duk daren. Bai daɗe da zuwa yankin ba, sunan ƙauyenmu kuwa akwai wasu garuruwa biyu da ke amsa shi. Na ce masa ya wuce kasuwar dabbobi ya bar babban gawo a hannun dama, ya ce cikin duhu duk itace ɗaya ne a wurinsa. Na ce ya bi hanyar da ƴan kasuwa ke bi ranar Laraba, ya ce hanyoyi uku ne suka fita daga nan. Kira ya katse, ya sake shiga, batirin salula ɗaya ya fara kuka. Daga ƙarshe shi ya kawo shawarar da ta fi, ya ce ko ya gane hanyar, rairayin kori zai iya riƙe mota da dare kuma a yi biyu babu, gara mu fito da yaron mu haɗu a bakin kwalta, wurin wani tsohon famfo da ya daina ba da ruwa, wanda mu da shi duka mun sani. Ya kuma faɗa mini kuɗin gazuwal, wato man motar, tun a waya don kada mu iso hannu wofi, kuma na gode masa da wannan, domin kafin in sauko daga tudu an riga an zaga gidajen dangi an haɗa.

Mun ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu, na baya yana riƙe da ƙafar da aka ɗaure da sanda, wani babur yana gaba yana haska hanya. Tun daga nesa muka hango fitilar ambilans tana juyawa a bakin famfon. A asibitin Tawa abu na farko da suka yi shi ne ɗibar jininsa cikin wata ƴar kwalba busasshiya, suka ajiye ta a gefe ba mai taɓawa har minti ashirin, sannan ma'aikaciyar ta karkata ta a gabana, jinin ya gangaro kamar ruwan zoɓo, ko alamar daskarewa babu. Aka sa masa maganin dafi ta ƙarin ruwa. Washegari da aka maimaita gwajin, ta karkata kwalbar jinin ya tsaya cak, ta dube ni ta ce, "Baban yaro, ka gode wa Allah." Ya yi kwanaki a kwance, kumburin ya daɗe bai saɓe ba, amma ya tashi da ƙafarsa, yau shi ke noma gonar ubansa.

Bayan mun komo na nemi maigari ya tara magidanta a ƙofar gidansa, na ba su labarin daren daki-daki, na nuna musu cewa lokacin da muka ɓata a gardamar cikin gida da kwatancen hanya ya fi wanda muka ɓata a kan babur. Abin da aka tsayar ba shi da yawa. Akwai ƙaramar salula ɗaya mai layi biyu da ke zaune cikin gwangwani a rumfata, kullum cike da wuta, a kashe, ba a aron ta don gaisuwa ko tambayar farashin albasa, kuma maƙwabcina ya san inda makulli yake idan ba na nan. Jerin lambobin jikin rumfa ya ƙaru da ta ungozomar cibiya, ta direba, ta jandarmomi mafi kusa, da ta masu babur da suka yarda a tashe su kowane lokaci. Wata ranar kasuwa na ɗauko direban a babur na zaga da shi da rana tsaka, muka tsayar da wuraren haɗuwa biyu, ɗaya na rani ɗaya na damina a ƙetaren kori. Ga mai hawa tudu kuma ina maimaita abu ɗaya, cewa ya fara da inda yake kafin abin da ya faru, domin idan kira ya katse bayan an san wuri ana iya tasowa, sannan kada ya sauko ko ya shiga kiran dangi har sai an sake nemansa.

Samarin da suka komo da manyan wayoyi sun nuna mini cewa wayar tana sanin inda take ta hanyar tauraron ɗan Adam ko babu rezo, kuma ana iya kwafe alƙaluman wurin a aika ta saƙon rubutu idan WhatsApp ya ƙi tafiya. Abu ne mai amfani, musamman ga wanda ya ɓata a daji ko motarsa ta mutu a hanyar Agadas, kuma na rubuta alƙaluman ƙauyenmu da na wuraren haɗuwar a littafina. Amma ɗigon da ke fuskar waya ba ya gaya wa direba inda rairayi ke da zurfi, saboda haka har gobe muna aika mai tocila ya tsaya a mararraba.

Maganar da ta fi wuya a taron ita ce ta mata. Mazan Adar da yawa suna fita bida bayan kaka, wasu su shekara ba su komo ba, salular gidan kuwa sau da yawa tana hannun ƙanin miji ko uwarsa, kuma matar ba ta fita zuwa asibitin birni sai da izini. An yi lokacin da mutum ke hawa tudu ya fara kiran Abijan ko Libiya neman yardar maigida kafin ya kira majo, idan wayar can tana kashe sai a zauna jira. Liman ne ya warware mana wannan, Allah ya saka masa da alheri, da ya ce ceton rai ba ya jiran izini, kuma duk mai shirin tafiya ya faɗa a gaban shaidu cewa ya yarda a kai iyalinsa asibiti idan bukata ta taso. Wasu sun yi gunaguni, amma yanzu ya zama cikin sallamar tafiya.

Ba kowane kira ne ya ƙare da farin ciki ba. Wani makiyayi daga arewa da mu, inda ƙasa take shimfiɗe babu tudu babu antena, ya iso rumfata da rana tsaka bayan doguwar tafiya a kan raƙumi, ɗan'uwansa ya faɗa rijiya tun daren jiya. Na hau tudu da shi, an amsa, an taso, amma abin da aka tarar gawa ce. Mutanen Azawak da ke bin dabbobi suna cikin halin da muka baro a shekarun 1990, sai dai su suna da salula a aljihu.

Abin da muke fama da shi yanzu shi ne asusun gazuwal. An amince kowane gida ya riƙa ba da dala ashirin ranar kasuwa, ni nake rubutawa, ma'ajin masallaci yake ajiyewa. Shekarar farko kowa ya bayar, da aka kwana biyu babu wanda ya kwanta sai hannu ya yi sanyi, kuma masu bayarwa suka fara cewa kada a taɓa kuɗin don wanda bai taɓa sakawa ba. Ni ban yarda da wannan ba, domin ban ga yadda zan tsaya bisa tudu ina duba littafi kafin in kira direba ba, amma na san masu maganar suna da tasu hujja. Maigari ya ce za a sake zama a kai bayan an gama kai hatsi rumbu, a zaman kuma za a sa hannu a takardar da muka rubuta wa shugaban karkararmu, ta roƙon ya nema mana antena a bisa tudun.